Yadda Ake Tantance Taurari da Gas a Galaksin da Kweza ke Zaune

Kweza haske ne mai tsanani da ke fitowa daga tsakiyar galaksi, inda gas ke zuba cikin katafaren baƙin rami. Haskensa kan danne na biliyoyin taurarin da ke kewaye da shi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin gane fuskar direba da dare bayan an dalle masa fitilar mota ya san irin wannan wahala. Ga yadda ake shawo kanta.

1. Zaɓi na'urar da ke rarraba hasken kowane ɗigo na hoto zuwa launukansa, kamar MUSE da ke kan madubin VLT mai faɗin mita 8.2 a Paranal, ƙasar Chile, ko NIRSpec na madubin James Webb.

2. Auna yadda layukan haske suka karkata zuwa ja. A ɗakin gwaji layin haidurojin na H-beta yana kan nanomita 486. A kweza 3C 273 kuwa yana wajen 563, ƙarin kusan kashi 16 cikin 100. Da haka masanin taurari Maarten Schmidt ya gane nisansa a 1963.

3. Cire hasken kwezan. Nan ne aikin yake, kuma gaggawa ba ta da amfani. Gas ɗin da ke dab da baƙin ramin yana gudun dubban kilomita a daƙiƙa, saboda haka layukansa faffaɗa ne. Bi wannan faɗin ɗigo bayan ɗigo don sanin yawan hasken da ya malala, sannan ka debe shi. In ka debe da yawa ka shafe taurarin, in ka rage ka ɗauki kweza a matsayin galaksi.

4. Nemi layukan duhu na kalsiyam da ke cikin hasken taurarin, a nanomita 393 da 397. Kwatanta su da bakan hasken taurarin da aka sani, wato yadda haskensu ya rarrabu zuwa launuka: siffar bakan na nuna shekarun taurarin, faɗin layukan kuma saurin kai-komonsu, wanda ke tafiya da nauyin baƙin ramin.

5. Koma kan gas. Layin oksijin na nanomita 500.7 na nuna inda kwezan ke hura gas waje. Gwada ƙarfinsa da na haidurojin da naitirojin, ka gane ko sababbin taurari ne suka haska gas ɗin ko kwezan.

6. Jera taswirar taurari da ta gas gefe da gefe. A nan ake ganin ko baƙin ramin yana korar gas ɗin da ya kamata ya haifi sababbin taurari.