Makaɗin da Gidansa Ya Fara Shan Inuwarsa

'Ya'yana mawaƙa da makaɗan ikkilisiya, Allah ya ba da yawa daga cikinku baiwar da ba kowa ke samu ba. Abin da nake jiye muku shi ne baiwar ta mai da ku inuwar giginya, na nesa ya sha sanyi, na gindinku yana cikin rana. Mutum yakan sa jama'a hawaye ranar Lahadi da daɗin muryarsa, alhali matarsa da 'ya'yansa sun yi mako ba su ga fara'arsa ba. Shi ya sa nake so ku san rayuwar wani bawan Allah na ƙasar Jamus, Johann Sebastian Bach.

An haife shi a garin Eisenach a 1685, a gidan da kiɗa ya zama gado kaka da kakanni. Bai cika shekara goma ba ya zama maraya gaba da baya, sai yayansa, mai kaɗa ogan a majami'ar Ohrdruf, ya ɗauke shi ya riƙe. A 1705 ya taka da ƙafa kusan kilomita 400 zuwa Lübeck don kawai ya saurari dattijon makaɗi Buxtehude. Duk wanda ya iya waƙa biyu a cikinku ya fara jin ya wuce gyara, ya tuna da wannan tafiya.

Ya auri Maria Barbara a 1707. A 1720 ya raka mai gidansa, Yarima Leopold na Köthen, wata tafiya, ya dawo ya tarar ta rasu har an binne ta. A ƙarshen 1721 ya auri Anna Magdalena, mawaƙiya a fadar. Tsakanin matan biyu Allah ya ba shi 'ya'ya ashirin, amma goma ne kaɗai suka girma. Sauran ya binne su suna ƙanana. Idan kun ji waƙoƙinsa na mutuwa da tashin matattu, ku sani mai rubutun ya sha tsayawa bakin kabarin 'ya'yansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ya fara zuba iliminsa. A 1720 ya buɗe wa ɗansa Wilhelm Friedemann, yaro ɗan shekara tara, littafin koyon kiɗa da hannunsa, tun daga yadda ake karanta alamomi da yadda ake ajiye yatsu. Wasu darussan da ya tsara wa yaron nan su ne masu koyon fiyano ke bi har yau a ko'ina cikin duniya. Matarsa Anna Magdalena ma ya shirya mata littattafai biyu, a 1722 da 1725, ita kuma ta riƙa kwafe masa ayyukansa da hannu. A wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa na ƙuruciya a 1730, ya yi alfahari cewa shi da iyalinsa kaɗai sun isa su tayar da taron kiɗa da waƙa. Huɗu daga cikin 'ya'yansa maza sun shahara a wannan sana'a, ɗaya a Hamburg, wani har Landan. Ku tambayi kanku, yaushe rabonku da zama da yaranku ku koya musu ko da baiti ɗaya na waƙar sujada.

Daga 1723 har mutuwarsa ya yi aiki a Leipzig, yana koyar da yaran makarantar majami'ar Toma, yana kuma shirya kiɗan manyan majami'un birnin. Hukumar garin ba shi ta fara nema ba, sai da makaɗa Telemann da Graupner suka kuɓuce mata sannan ta waiwaye shi. Wannan bai sa ya yi aikin da rabin zuciya ba. A shekarunsa na farko can, kusan kowace Lahadi sai ya kawo sabuwar waƙa mai tafiya da karatun ranar, kuma wajen 200 daga cikin irinsu sun iso gare mu. A saman takardunsa yakan sa haruffan da ke roƙon taimakon Yesu, a ƙasa kuma waɗanda ke mai da ɗaukaka ga Allah shi kaɗai. Littafi Mai Tsarki nasa yana nan ajiye a Amurka, da rubutun hannunsa a gefen shafuka. Kusa da 2 Tarihi 5:13 ya rubuta cewa alherin Allah yana tare da kiɗan da aka yi da ibada. Makaɗin da ba ya buɗe Maganar Allah, me zai rera wa jama'a?

Kada ku ɗauka bai da aibi. Mutum ne mai zafin rai, ya sha gardama da shugabanninsa, har sarkin Weimar, inda yake aiki a lokacin, ya tsare shi kusan wata guda a 1717 saboda nacin neman sallama. Gidansa ma bai tsira daga jarraba ba. Ɗansa Bernhard, wanda uban ya nema wa aiki sau biyu, ya ci bashi ya gudu. Bach ya taɓa biya masa bashin. A 1738 ya rubuta cewa tunda gargaɗi da kulawa sun kasa, zai ɗauki gicciyensa da haƙuri ya bar yaron ga jinƙan Allah. Bai tsine masa ba. Shekara ta zagayo yaron ya rasu yana da shekara 24. Iyayen da ke kuka da ɗa a yau, ku riƙe bakinku daga mugun furuci, ku yawaita addu'a.

A 1750 aka yi masa aikin ido sau biyu bai yi nasara ba, ya rasu ranar 28 ga Yuli yana da shekara 65. Sai a 1829, da makaɗi Mendelssohn ya sake gabatar da babbar waƙar Bach kan shan wahalar Almasihu bisa ga Bisharar Matiyu a Berlin, sunansa ya fara cika duniya. Irin wannan yabo bai riske shi da rai ba.

Akwai darasi guda mai ɗaci da ba zan ɓoye muku ba. Bach ya mutu bai bar wasiyya ba. Aka raba gado, takardunsa suka warwatsu, wasu suka ɓace, Anna Magdalena kuma ta ƙare rayuwarta a 1760 tana dogaro da sadakar hukumar gari. Ƙaunar iyali ta haɗa da tanadin bayan ranka. Don haka duk ɗan abin da kiɗa ya kawo muku, ku ware na gida kafin na sabon kayan kiɗa, ku rubuta wasiyya tun kuna da lafiya, ku kuma riƙa leƙa gwaurayen da mazajensu suka yi wa ikkilisiya hidima. Allah ya albarkaci muryoyinku da gidajenku.