Furannin dawa na bazara

Yara, a littafinku na Faransanci kun gamu da kalmar printemps. Shi ne lokacin da sanyi ke sakin ƙasashen Turai, daga watan Maris zuwa Yuni. A dazuzzukan Faransa, ƙananan tsirrai suna gaggawar yin fure kafin manyan itatuwa su yi ganye su tare musu rana. Mu ba mu da wannan lokaci. Abin da muke da shi bazara ce: zafi, ƙura, rijiyoyi sun ja baya, kowa na duban gabas. Amma a cikin wannan zafi, da kuma bayan ruwan farko, akwai tsirrai masu fure a dawarmu. Yau za mu koyi gane huɗu daga cikinsu.

Ƙasa ta bushe, ina suke samun ƙarfin yin fure? Suna da rumbu. A damina ganyensu yana haɗa abinci da hasken rana, sai su ajiye shi tare da ruwa cikin saiwa, ko cikin gindi, ko cikin wani kai mai kama da albasa. Lokacin da ciyawa ba ta tsiro ba balle ta rufe su, sai su buɗe rumbun su yi fure, ƙwari su gan su daga nesa.

Na farko rawaya ce. An fi samunta a kudu inda ruwa ya fi yawa, kamar wajen Gaya. Furenta yana fitowa dab da ƙasa, babu ganye ko ɗaya, sau da yawa a wurin da wutar daji ta ci. Kunnuwan furen 5 ne, da zare-zare masu yawa a tsakiya. Saiwarta ake dakawa a yi rini, a kuma zuba a miya. Sunanta ɗaya da na launin da kuka sani.

Ta biyu kariya. Ba ta da wuyar ganewa: gindi mai kumburi kamar tulu, rassa gajeru masu kauri, fure ja-ja mai haske-haske a ciki, shi ma kunnuwa 5. Takan yi fure tun ba ta yi ganye ba. In an karya reshenta ruwa yana fita, kuma dafi ne mai taɓa zuciya. Mahalban da suna sa shi a bakin kibiya. Kada ku ɗauki reshenta ku yi asuwaki ko tsinken tsire.

Sauran biyun sai ruwa ya sauka, a watan Mayu ko Yuni, kuma su na fi so ku riƙe da kyau. Albasar kwaɗi tana son bakin tabki da fadama. Ganyenta dogo ne, mai faɗi kamar ɗamara. Kara ɗaya ke tashi daga ƙasa ya ɗauki furanni da dama a kansa. Kowane fure fari ne, kunnuwa 6, da jan layi a tsakiyar kowane kunne. Ƴar'uwarta hatsin manoma ta fi ta ƙanƙanta, tana fitowa a jigawa da gonaki. Ganyenta siriri ne, yana murɗewa. Furenta fari fat, babu jan layi, da wani abu kamar ƙoƙo a tsakiya. Da marece yake buɗewa yana ƙamshi, kashegari rana na ɗagawa ya yanƙwane. Wanda ya yi jinkiri kwana biyu ba zai same shi ba sai baɗi.

Dukansu biyu suna da kai a ƙasa mai ɓawo-ɓawo, sak albasar miya. Shekarar da na fara koyarwa, wani yaro ɗan aji biyu ya tono ɗaya a hanyar lakwal, ya gasa, ya ci rabi. Ya wuni yana amai da zawo, sai da aka kai shi likita a amalanke. Allah ya sa ya tashi. Da na tambaye shi, ya ce ai ya ga albasa ce. Da ya sansana da bai ci ba, domin albasar gaske da warinta, waɗannan kuwa ba su da shi. Tsiron da ya ajiye abinci a ƙasa yakan tsare shi da guba, don kada kurege da ɓera su cinye masa. Amma kun ga rawaya ana cin saiwarta, saboda haka ba a yanke hukunci da ka. A tambayi manya, musamman makiyaya da tsofaffin mata masu ɗibar ganye. Sun fi littafi sanin dawar garinku, kuma suna iya ba ku wani suna dabam da wanda na rubuta nan.

In kun tarar da furen da ba ku sani ba, launi kaɗai bai isa ba. Ku ƙirga kunnuwansa. Ku duba ko ganye ya fito tare da shi. Ku lura da wurin: jigawa ne, ko fadama, ko dutse? Ku rubuta ranar. Kada ku tumɓuke shi, gama in kan ya fita daga ƙasa babu fure baɗi.

Tambayoyi

1. Ina waɗannan tsirrai ke ajiye abincinsu?
2. Faɗi abu biyu da suka bambanta albasar kwaɗi da hatsin manoma.
3. Don me ba a yin asuwaki da reshen kariya?

Aiki

Bayan ruwan farko, ku fita uku-uku tare da malam. Kowa ya zana fure ɗaya a kayensa, ya auna tsawon karansa da santimita, ya rubuta sunansa da Hausa. Wanda ya ji sunan da Zabarmanci, ko Fillanci, ko Buzanci, ya ƙara a gefe. Wanda ya taɓa ruwan tsiro ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci.