DARASI: ALHAKIN JINI A MARARRABA

Karatu: Kubawar Shari'a 22:8, Fitowa 21:28-34, Luka 10:30-37.

Ya ku 'yan'uwa, babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure, ta ratsa Daura, ta wuce Kwangwalam a kan iyakar Nijar. Wata ta zo daga Katsina ta Mashi, wata kuma ta nufi Zango da Baure. Inda hanyoyin nan su ke haɗuwa, nan ne babbar mota da babur da amalanke da ɗan makaranta su ke gamuwa wuri ɗaya. Ran Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, motocin shanu su kan cika hanya, mu kuwa muna tafiya sujada da 'ya'yanmu. Idan rai ya salwanta a mararraba, alhakin wa ne? Mu kan ce, “Kwana ne ya ƙare.” Bari mu ga abin da Littafi Mai-Tsarki ya koya.

1. Alhakin mai-hanya

Musa ya umurci mai-gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo, jininsa ya zama a kan gidan. Maginan ƙasarmu sun san rawanin soro sarai. Haka kuma wanda ya haƙa rami bai rufe ba, har jaki ya faɗa ciki, shi zai biya. Ashe, ba mai-ɗaga hannu kaɗai ke da laifi ba. Wanda ya ga hatsari ya ƙyale, shi ma yana da nasa. Mararraba marar alama, da kwalta mai-ramuka, da kwalbati a buɗe, duka soro ne marar rawani.

Hanyar Kano zuwa Kwangwalam ta Gwamnatin Tarayya ce. A 2002 aka kafa hukumar FERMA domin gyaran irin hanyoyin nan. Tun 1988 kuma aka kafa hukumar kiyaye haɗura ta FRSC. Ba rashin ladabi ba ne mu kai musu kuka, ko ta hannun dagaci da hakimi, ko da takarda. Gama mai-mulki bawan Allah ne domin alheri.

2. Alhakin direba

Shari'a ta ce, idan sa ya saba tunkuyi, an gargaɗi mai-shi amma bai tsare shi ba, laifin kisan yana kan mai-san. Mota marar birki sa ne mai-tunkuyi, mai-ita kuwa ya sani. Dokar ƙasa ta ce cikin gari kada a wuce kilomita 50 a sa'a. Akwai dalili: idan direba ya ninka gudunsa, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya ya kan ninku sau 4. Krista mai-tuƙi ya mallaki lasin na gaskiya da inshora, kada ya yi lodi fiye da kima, ya rage gudu a kowace mararraba ko babu ɗan sanda.

3. Alhakinmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023, mutum wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Kada mu ƙara yawansu. Kada mu baza kaya ko mu shanya hatsi a kan kwalta. Mu koya wa yara su tsaya, su duba hagu da dama, kāna su ƙetare. Idan hatsari ya auku, kada mu ratse kamar firist da Balawi. A kira lamba 122, a kai mai-rauni asibiti. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa.

Tambayoyi

1. Ina ne mararraba mafi hatsari kusa da majami'arku?
2. Wanene zai rubuta wa hukuma a kanta cikin watan nan?
3. Wane dattijo ne zai ƙetare da yara bayan Makarantar Lahadi?

Mu yi addu'a domin direbobi da masu-gyaran hanya, da gwauraye da marayun da hanya ta bari. Ubangiji ya tsare fitarmu da shigarmu. Amin.