Motar Iyali: Saye da Riƙo

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Tudun Wada ran Asabar da safe, zai ga irin motocin nan masu kujera bakwai suna wucewa cike da mata da yara, waɗansu za su biki Kano, waɗansu Kaduna. Su a ke kira motar iyali. Da ya ke muna da irinta a gidanmu a Tudun Jukun, kuma ni ke wanke ta in mun sami hutu, na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu abin da na koya game da ita.

A zamanin kakanninmu, motar mai iyali ita ce Peugeot 504 mai dogon baya, wadda a ke harhaɗawa a kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Yanzu kuwa Sharan da Sienna su ne suka cika hanya. An fara ƙera Sharan a Turai a 1995, Sienna kuma a Amurka a 1997. Yawancin waɗanda mu ke gani na hannu ne, watau sai da wani ya more su shekara da shekaru kafin su iso mana.

Amfaninta a cikin gari ba ya ƙidayuwa. Tafiya ɗaya ta ishi Baba ya sauke ƙannena a makaranta, ya wuce kasuwar Sabon Gari, ya komo da buhun masara a baya. Haka kuma in ciwo ya kama maƙwabci da tsakar dare, ƙofarmu a ke ƙwanƙwasawa a kai shi asibitin Shika. Amma tana da nata cikas. Doguwa ce, ga ta kusa da ƙasa, lungunan unguwarmu kuwa ƙanana ne, da damina kuma ruwa kan zaizaye su. Sai direba ya bi sannu, in ba haka ba cikinta ya daki dutse.

To, sayen mota ba shi ne wahala ba, riƙe ta. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a nan Arewa. Ban da mai, akwai juyen baƙin mai, da kuɗin bakanike, da sabunta takardu kowace shekara. Saboda haka wanda zai saya ya fara lissafin abin da za ta riƙa ci kowane wata, kada ya sayi doki ba shi da ciyawa.

Kafin a ɗauki doguwar hanya, akwai abubuwa biyar da Baba ya koya mini in duba: baƙin mai, da ruwan lagireto, da birki, da fitilu, da tayoyi har da safaya. Ba a buɗe lagireto sai inji ya huce, don tafasasshen ruwa na iya ƙone mutum. A jikin kowace taya kuwa akwai lamba huɗu mai nuna lokacin da aka yi ta. Alal misali, in ka ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya tana iya fashewa ko da zanenta bai suɗe ba, balle lokacin bazara da kwalta ke ɗaukar zafi.

Babban abin da na ke so mu lura da shi shi ne lodi. Mota mai kujera bakwai ta mutum bakwai ce. Amma ran biki sai ka ga an cusa mutum goma sha biyu, yara bisa cinya, ga kwalla da akwatuna a sama, don mai mota yana jin kunyar ya ce wa dangi babu wuri. Nauyi in ya yi yawa, taya kan yi zafi, birki kuma ba ya tsai da mota da wuri. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade gudun kilomita 50 a awa cikin gari, da 100 a tagwayen hanya ga motar gida, ta kuma wajabta ɗaura bel. Daga Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne kawai. Gara a yi sawu biyu da a yi sawun da ba a komowa.

Iyayenmu, muna roƙonku ku daure wa fushin dangi na yini ɗaya, ku ɗauki daidai kujera. Mu kuma 'yan makaranta, in an zo ɗaukarmu ran hutu, mu ɗaura bel, mu bar direba ya ji da hanya. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, amin.