Darasin Juma'a: Sunan Shago da Zumuncin Gida a Zamanin Waya

'Yan'uwa masu sallah a wannan masallaci, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da matasanmu na kasuwa, bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), darasinmu na wannan mako a kan wayar da ke aljihunmu ne: yadda take ɗaga sunan ɗan kasuwa ko ta kayar da shi, da abin da take yi wa zumuncinmu.

Jarin da wuta ba ta ci

Kakanninmu da suka hau dutsen nan tun zamanin haƙar kuza, daga Kano da Katsina da Zariya da Bauci, yawancinsu ba da jakar kuɗi suka zo ba. Suna suka zo da shi: wane ɗan gidan wane ne, ba ya cin amana. Da wannan ne maigida yake saukar da baƙo, ya tsaya masa, a ba shi kaya bashi. Har gobe haka harkar take. Babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai ɗora maka atamfa a mota ya ce in ka sayar ka turo. Manomi daga Bokkos ko Mangu zai bar wa dillali buhunan dankali ya koma gona hankalinsa kwance. Ba takarda, ba lauya.

Da gobara ta cinye babbar kasuwar Terminus a watan Fabrairun 2002, mutane da dama sun wayi gari ba su da ko allura. Ku tambayi iyayenmu da abin ya shafa, za su gaya muku cewa wanda ya fi saurin miƙewa shi ne wanda masu ba shi kaya suka yarda da shi, suka sake ɗora masa. Wuta ta ci rumfa da kaya, amma ta bar masa sunansa. To, wannan jarin da ya gagari gobara, yau saƙon murya na minti ɗaya yana iya ƙona shi.

Me ya canja?

A da, magana da ƙafa take tafiya: daga teburin mai shayi zuwa majalisa, daga majalisa zuwa tasha. Kafin ta yi nisa sai ta haɗu da wani dattijo da zai ce, "Kai, na san Alhaji, ba zai yi haka ba." Tun da layukan salula suka shigo ƙasar nan a 2001, daga baya kuma Facebook da WhatsApp da TikTok suka biyo, magana ta daina ratsawa ta gaban dattijon nan. Daga Dilimi take dira Legas kafin a tayar da sallah.

Ya kamata mu san yadda abin yake aiki. Facebook da TikTok da talla suke samun kuɗi, don haka an tsara su ne su riƙa nuna wa mutum abin da zai zaunar da shi a kan waya. Abin da ya fi jawo tsokaci da turawa shi suke ƙara bazawa, kuma kowa ya san zargi da tashin hankali sun fi jawo jama'a a kan labarin cewa wane ya cika mudu. Shi ya sa zargi yakan kai wa dubbai, amma in gaskiya ta fito aka yi gyara, 'yan kaɗan ne ke gani. Sannan ko mai rubutun ya goge, wani ya riga ya ɗauki hoton allon wayarsa ya ajiye.

Su kansu masu WhatsApp sun ga ɓarnar. A farkon 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma suka mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak. Kibiyoyi biyun da kuke gani a saman wani saƙo alama ce ta cewa ya bi hannaye da yawa, kuma wanda ya turo maka bai san asalinsa ba.

Abin da muka gani da idonmu

A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Da yawanmu an tashe mu da asuba a kan haka, kuma masoyanmu ne suka tashe mu. Jaridu sun ruwaito cewa a nan Filato mutum biyu sun rasu, an kwantar da wasu kimanin ashirin a asibiti. Babu wanda ya tura saƙon da mugun nufi, amma kyakkyawar niyya ba ta hana gishiri yin aikinsa ba.

A ƙarshen 2016 aka cika wayoyi da maganar shinkafar roba, bayan jami'an kwastan sun kama wasu buhuna a Legas. Da aka gwada a ɗakin bincike, hukuma ta ce babu roba a ciki, sai dai shinkafar ta gurɓace, ba ta ciwuwa. Har yau akwai mai sayayyar da zai tsaya gaban tirenka ya murza ƙwaya yana tambaya ko ta roba ce.

A watan Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na Nagiko, na kamfanin Erisco, ya yi mata zaƙi da yawa. Magana ta yi tsawo, kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta suka kai ta Abuja, aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Jama'a kuma suka fusata suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Ba mu ne alƙalai ba, amma kowa ya ga sakamakon: ita ta sha tsarewa da zaryar kotu, su kuma sunan kayansu ya shiga bakin duniya ta hanyar da ba su so.

Wanda ya fi ciwo shi ne na watan Yunin 2018. An kashe mutane da yawa a ƙauyukan Barikin Ladi, wannan gaskiya ne, kuma abin baƙin ciki ne ga kowa. Amma binciken da BBC ta fitar a ƙarshen shekarar ya nuna cewa wasu munanan hotunan da aka baza a Facebook a ranakun ba na rikicin ba ne. Wani bidiyon ma a ƙasar Kongo aka ɗauke shi tun 2012. Washegari aka tare hanya aka fito da matafiya daga motoci aka kashe mutum 11, cikinsu har da ɗan'uwanmu mai sayar da dankali daga nan Jos. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun ƙara rura wutar. Mu da muke zaune a garin nan ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan abin da hoto ɗaya zai iya jawowa, ko daga wane ɓangare ya fito.

Ma'aunin da muke da shi tun asali

Malamanmu sun sha karantar da mu aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta umarci muminai su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da wasu a kan rashin sani su dawo suna nadama. Aya ta 12 a surar kuma ta hana mummunan zato da bin diddigin mutane da gulma. Danna "tura" shaida ce ka bayar. Rubuta "yadda na samu haka na turo" a ƙarƙashin saƙo ba ya sauke maka nauyi, domin wanda ya karɓa don ya yarda da kai ne ya gaskata.

Hukuncin ya hau kan mai talla ma. A fikihu akwai abin da ake kira najashi, wato mutum ya riƙa ƙara wa kaya farashi ko ya yi ta zuga su alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi mai saye na gaskiya. An hana. To yaya wanda zai sa yaran shagonsa su shiga ƙarƙashin hoton kayansa suna rubuta "na saya, ya yi kyau" da sunaye daban-daban? Haka nan mun san labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da yadda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar masa. Wanda ya ɗauki hoton saman kwandon tumatir kawai ya aika wa kwastoma a Fatakwal, ko ya ƙara wa shadda haske da waya, ya duba ya ga ko ba layi ɗaya suke ba.

Abin da za mu riƙe a kasuwa

Na farko, in aka turo maka zargi a kan wani shago ko wani kaya, tambayi wanda ya turo: kai ka gani? Yaushe? A ina? In ya ce shi ma turo masa aka yi, saƙon ya mutu a wayarka. A tuna cewa kayan Farin Gada ba sa jira. Jita-jitar yini ɗaya ta isa ta ruɓar da motar kabeji, kuma ba mai kayan kaɗai ke asara ba, har da direba da 'yan dako da matan da ke sara su kasa.

Na biyu, in kai aka cuta, addini bai hana ka neman haƙƙinka ba, kuma gargaɗin jama'a a kan macuci na gaskiya nasiha ce. Amma a bi tsani. Fara da mai shagon kai da shi. In bai ji ba, akwai shugabannin layi da na kasuwa, akwai kwamitin masallaci, akwai hukuma. Sa hoton mutum a sitatus saboda bashin da bai biya ba yana rufe ƙofar biyan ne, domin wanda ka kashe wa kasuwa da me zai biya ka?

Na uku, in kai aka zarga, kada ka mayar da martani kana cikin fushi. Nemi mai ƙorafin ka kira shi. In kana da laifi ka canja masa kaya ko ka mayar da kuɗi, sannan ka roƙe shi ya faɗi yadda aka ƙare a inda ya faɗi ƙorafin. Masu kallo sun fi lura da yadda ka amsa a kan abin da aka ce ka yi.

Na huɗu, ka nuna kaya yadda suke, ka faɗi aibi kafin a tura kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 yawancin cinikinmu ya koma tiransifa, don haka ka duba asusunka da kanka kafin ka saki kaya. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Wannan zai tsare ka daga alat na bogi, ya kuma tsare ka daga zargin mutumin kirki a lokacin da netwok ne ya riƙe kuɗin.

Na biyar, wayar shago amana ce. Yaron da ka ba shi ya riƙa amsa wa kwastomomi, da bakinka yake magana. Lambobin matan mutane da ke cikinta na ciniki ne kawai.

Abin da za mu riƙe a gida

Ba za mu yi butulci ba, waya ta yi mana rana. Da ita uwa a Gangare take ganin fuskar ɗanta da ke Saudiyya. Da ita ake haɗa kuɗin asibiti a yini guda, da ita ake sanar da jana'iza. Iyayenmu mata da ke cikin gida suna sayar da turaren wuta da kayan kicin ta sitatus, suna rufa wa kansu asiri.

Sai dai Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mun fara ganin mutum yana Rikkos, kawunsa yana kwance a Unguwar Rogo, gaisuwar da zai yi masa ita ce hoton hannaye biyu a zauren WhatsApp na dangi. Ta'aziyya ta koma "Allah ya jiƙansa" da aka kwafo daga saƙon na sama. Rubutu kuma ba shi da fuska ba shi da murya, shi ya sa wasan da za a yi dariya a kansa a tsakar gida yake zama gaba in aka rubuta shi. Da ya da ƙanwa su daina magana saboda "ta ga saƙona ba ta amsa ba". Kishiyoyi da facaloli su koma habaici a sitatus, duk gari yana kallo. Maganar gado a jefa ta cikin guruf mai mutum tamanin, har da surukai da yara.

Don haka maganar da ta shafi kuɗi ko aure ko gado, a yi ta baki da baki, in da nisa a buga waya. Abin da ɗan'uwa ya faɗa maka a asirce, ɗaukar hotonsa ka nuna wa wani cin amana ne. Hoton mara lafiya ko na mamaci ba a yaɗa shi sai da izinin iyalansa. Shugabannin guruf kuma su sani su ne masu zauren: duk abin da ba za ka bari a faɗa a ƙofar gidanka ba, ka goge shi ka kira wanda ya sa ka yi masa magana a keɓe.

Aikin wannan mako

Muna roƙon kowa ya yi abu biyu kafin Juma'a mai zuwa. Ya taka da ƙafarsa ya je gidan ɗan'uwa guda wanda ya daɗe ba su haɗu ba sai a waya. Sannan duk wanda ya san ya taɓa tura magana a kan shagon wani ko mutuncin wani, daga baya ta tabbata ba haka ba ne, ya koma zauren da ya tura ya gyara, ya nemi mai haƙƙin ya yafe masa tun ana tare. Masu saɓanin ciniki kuma, ƙofar kwamitin masallaci a buɗe take bayan sallar La'asar, kuma abin da aka tattauna a nan yake tsayawa.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu, ya zaunar da Jos da Filato lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci