Darasin wannan wata: a duba firji kafin naman layya ya iso

Babbar Sallah na matsowa, kuma kamar kullum gidaje da yawa a nan Birtaniya sun riga sun ba mahauci sunansu. Bara, kwana uku bayan Sallah, wata 'yar'uwa ta kira mu tana kuka. Rabin ragon da suka haɗa kuɗi suka yanka ya canza wari a cikin firji, har da kason da ta ware wa maƙwabciyarta mai marayu. Da muka je muka duba, firjin yana aiki, fitilarsa na kamawa, injin na kara. Sai dai da muka sa ma'auni, sanyin cikinsa digiri 11 ne. Ba wanda ya sani, domin hannu ba ya iya bambance digiri 4 da digiri 11. Duka biyun "akwai sanyi" za ka ce.

Saboda haka darasinmu ya fara da ma'auni. Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya, FSA, ta ba da shawarar firji ya zauna tsakanin digiri 0 zuwa 5, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Da zarar sanyi ya haura digiri 8, ƙwayoyin cutar da ke cikin nama suna hayayyafa da sauri. Ƙaramin ma'aunin firji kuɗinsa 'yan fam kaɗan ne a kantunan kayan gida. A ajiye shi a kanta ta tsakiya da daddare, a karanta da asuba kafin yara su fara buɗe ƙofa. A lura kuma da abin murɗawar nan mai lamba 1 zuwa 5 da ke cikin firji: lambobin ba digiri ba ne. A yawancin firji, babbar lamba ita ce sanyi mai yawa. Mun sha tarar da wanda ya mayar da shi kan 1 yana zaton ya ƙure sanyin.

Idan ma'auni ya nuna sanyi bai kai ba, kada a yi saurin cewa firji ya mutu. Abu na farko da muke dubawa shi ne robar bakin ƙofa. A sa takarda a rufe ƙofar a kanta, sannan a ja. In ta zare babu wata turjiya, iska mai ɗumi na shiga ta wurin. Sau da yawa dauɗa ce kawai, manja ko miya da ta bushe a cikin ninkin robar, kuma ruwan ɗumi da sabulu sun isa. In robar ta tsage, ana sayar da ita daban a canza, ba sai an sayi sabon firji ba.

Na biyu, bayan firjin. Firji ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya fitar ta baya. In an manna shi da bango, ko ƙura ta lulluɓe ƙarafan nan na baya, ko an cusa ledoji da tsofaffin kwalaye a ratar, zafin ba shi da mafita. Injin zai yi ta gudu ba hutu, mita na cin kuɗi, sanyin kuma bai samu ba. A cire filogi, a janyo firjin, a share ƙurar da burushi mai laushi ko injin shara, a bar tazara kamar faɗin yatsu uku tsakaninsa da bango. Sau biyu a shekara ya isa. Kuma in da hali, kada ya tsaya jikin murhu ko hita.

Na uku shi ne laifinmu mu da kanmu, kuma a nan za mu ɗan tsaya. Mu mutanen babbar tukunya ne. A dafa shinkafa da miya na mutum goma sha biyar, a ɗauki tukunyar da zafinta a tura firji. Tsakiyar tukunyar zai daɗe da ɗumi, kuma zafinta zai ɗumama madara da naman da ke kusa. A raba abincin cikin ƙananan robobi masu murfi, ya huce, a sa shi a firji cikin awa ɗaya zuwa biyu. Shinkafa ta fi komai rashin haƙuri: a sanyaya ta da wuri, a ci cikin kwana ɗaya. Haka ma ranar Sallah, in aka jibge kilo ashirin na ɗanyen nama a leda guda, na tsakiya zai lalace kafin sanyi ya kai gare shi. A yanka, a ƙulla gwargwadon girki ɗaya ɗaya, a shimfiɗa ledojin su yi faɗi, abin da ba za a dafa cikin kwana biyu ba ya tafi firiza. Wanda zai zauna a firji ya sauka kanta ta ƙasa cikin mazubi mai murfi, don kada jininsa ya ɗiga kan abin da za a ci ba dafawa. Mafi sauƙi ma, a gaggauta rabon. Kason maƙwabta da mabuƙata da ya fita a ranar bai buƙatar wuri a firjinmu. Allah Ya yi hani da almubazzaranci a suratul Isra'i, kuma naman da ya ruɓe don sakaci ba shi da wani suna.

Akwai wata matsala da ƙasar sanyi ce kaɗai ke kawo ta. Da yawanmu muna ajiye firji na biyu a gareji ko ɗakin ajiya na bayan gida. A duba takardar da ke manne a cikin firjin, za a ga harufa kamar SN, N, ST ko T. Mai SN an yi shi ne don ɗakin da sanyinsa bai gaza digiri 10 ba, sauran kuwa digiri 16. A lokacin hunturu, firji mai haɗe da firiza da ke cikin gareji mai sanyi yana iya daina tayar da injinsa, domin yana ji kamar ya riga ya yi sanyi. Sai ɓangaren firiza ya narke a hankali ba wanda ya lura.

Ruwan da ke taruwa ƙarƙashin akwatin kayan miya kuwa ƙaramin abu ne. Akwai ɗan rami a bangon baya daga ciki, ya toshe ne. A zura auduga mai tsinke, a zuba ruwan ɗumi kaɗan, shi ke nan.

Yanzu abin da ba a taɓawa. Idan ƙanƙara ta yi kauri a firiza, kada a sa wuƙa ko sukudireba. Yawancin firjin gida na yanzu suna aiki da iskar R600a, wadda take kamawa da wuta, kuma bututunta na nan ƙarƙashin ƙanƙarar. A cire filogi, a shimfiɗa tawul, a sa kwanon ruwan zafi a ciki, a jira. In aka ji warin ƙuna, ko filogi ya yi zafi, ko injin na ta yin ƙas-ƙas yana kasa tashi, a cire daga soket a kira mai gyara. Firji ya shiga soket ɗin bango kai tsaye, ba wayar ƙari da ya haɗa da butar lantarki ba. Ba mu manta da gobarar Grenfell a Landan ba, ranar 14 ga Yuni 2017, cikin watan azumi, wadda ta ci rayuka 72. Binciken gwamnati ya gano cewa matsalar lantarki a firjin wani gida a hawa na huɗu ce ta tayar da ita, sannan rufin da aka yi wa jikin benen ya yaɗa ta. Shi ya sa muke roƙon kowa ya yi rajistar firjinsa da kamfanin da ya ƙera shi, ko da na hannu ya saya, don a sanar da shi in an gano aibu. Wanda ke haya kuma ya tarar da firjin a gidan, ya sanar da mai gidan a rubuce, ya ajiye shaidar saƙon.

Masu ciwon sukari, insulin da ba a fara amfani da shi ba yana son digiri 2 zuwa 8. Kada a jingina shi da bangon baya, domin in ya daskare ya tashi daga aiki ko da ya narke.

Idan wuta ta ɗauke, a Ingila, Sukotland da Wales ana kiran 105 kyauta. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe abinci kamar awa 4, firiza cikakkiya kamar awa 48, rabi kuma awa 24. Duk wanda ma'auninsa ya nuna sama da digiri 5 bayan ya gwada duk abin da muka faɗa, ya yi mana magana bayan sallar Juma'a tun kafin Sallah, mu nema masa wurin ajiya a gidan wani ɗan'uwa.