Yadda Babban Injin Sassaƙa Ƙarfe Ya Ke Sanin Inda Bakinsa Ya Ke

A manyan masana'antun Jamus da Amurka akwai injunan sassaƙa ƙarfe waɗanda tsawon gadonsu ya kan wuce mita 20. Da su a ke sassaƙa sandar farfelar jirgin ruwa. In bakin injin ya zarce ko da rabin milimita, ƙarfe mai nauyin ton da yawa ya ɓaci, aikin watanni ya tashi a banza.

Injin lantarki ne ke tura bakin, ta hanyar ƙarafa masu haƙora. Ƙidaya juyinsa kaɗai ba ta isa ba, gama haƙoran su kan ci, zafi kuma ya kan miƙar da ƙarfe. Ƙarfe mai mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 5, ya kan ƙara fiye da rabin milimita.

Saboda haka a kan shimfiɗa ma'auni a jikin gadon, wani da zane 25 cikin kowace milimita. Wata na'ura mai haske tana tafiya tare da bakin, tana ƙidaya zanen, tana sanar da kwamfuta. Ita kuwa sai ta gwada inda bakin ya ke da inda aka umarce shi, ta gyara bambancin, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. A 1952 aka nuna injin mai bin umarnin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka.

Watau ba da umarni dabam, tabbatar da an cika shi dabam. Gani ya kori ji.